Iyafis a kunne ko kati a hannu: wanne zai fi wa mai matsanancin ciwon damuwa amfani?

Wajen ƙarfe biyun dare na fito shan ruwa, sai na tarar da ƙanina zaune a kan tabarma a tsakar gida, ido a rufe, iyafis a kunne. Wata na huɗu ke nan bai leƙa shagonsa ba. Abinci sai an yi da gaske, wanka sai Inna ta yi magana sau uku. Na dafa kafaɗarsa, ya zare guda ɗaya ya miƙo mini. Na sa, ban ji komai ba sai wani gunji siriri, ba hawa ba sauka, kamar na firji. Ya ce, "Sai ka sa duka biyun, Yaya." Da na sa, sai gunjin ya fara lilo a tsakiyar kaina, wuu, wuu, wuu. Ya ce a YouTube ya samo shi, an rubuta cewa yana warkar da ciwon damuwa cikin kwana bakwai. Na tambaye shi tun yaushe yake ji, ya ce yau kwana 40.

Ban yi masa dariya ba, kuma ba zan yi wa kowa ba. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma daga daren nan na shiga binciken wannan sauti, na kuma shiga zirga-zirgar asibiti da shi, don haka na ga hanyoyin biyu da idona. Wanda ke cikin wannan hali, ko yake da wani a gida, ga yadda na auna su.

Mene ne sautin, kuma me yake yi?

In ka taɓa zama a layin da janareta biyu ke aiki kusa da juna, ka san wannan lilon: ƙara ta taso, ta lafa, ta sake tasowa. Inji ɗaya ne ya ɗan fi ɗayan sauri, sai ƙarar biyu su riƙa haɗuwa suna rabuwa a cikin iska. Sautin kunne biyu, wanda Turawa ke kira bainoral bit, dabarar ke nan, sai dai shi ba a iska ake haɗuwar ba. Ana aika wa kunnen hagu amo mai karkaɗawa sau 400 a sakan ɗaya, na dama kuma mai sau 410. Amon biyu ba sa gamuwa a waje. Can a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kwatanta abin da kunnuwa biyu suka ji don gane ta ina ƙara ta fito, nan suke gamuwa, sai mutum ya ji bugu goma a sakan wanda babu shi a cikin wayar. Shi ya sa da kunne ɗaya ban ji komai ba, kuma shi ya sa wanda ya kunna shi a sifika ɓata cajinsa kawai yake yi.

Abin ba sabo ba ne. Wani masanin Jamus mai suna Heinrich Dove ne ya fara bayyana shi a 1839, aka bar shi a matsayin abin mamaki kawai, har zuwa 1973 da Gerald Oster ya yi dogon rubutu a kansa a wata mujallar kimiyya ta Amurka. Daga nan wani tsohon ma'aikacin rediyo, Robert Monroe, ya mayar da shi sana'a, yana sayar da kaset-kaset na natsuwa da barci. Abin da ke yawo yau a wayoyinmu jikokin waɗannan kaset ne.

Hujjar masu tallarsa ita ce: ƙwaƙwalwa tana da nata bugun na lantarki, wanda likitan Jamus Hans Berger ya fara ɗauka a jikin ɗan Adam a 1924. Lokacin barci mai nauyi bugun bai wuce huɗu a sakan ba, ana ce masa delta. Lokacin da mutum ya natsu ido a rufe yana tsakanin takwas da 12, ana ce masa alfa. Sai suka ce in aka jiyar da kunne bugu goma, ƙwaƙwalwa za ta bi shi kamar yadda ƙafa ke bin kalangu, mutum ya samu natsuwa. Maganar tana da daɗin ji. Da aka je aunawa sai ta zo da gardama. A 2023 wasu masana a Jamus suka tattara bincike 14 da aka sa wa mutane na'urar auna bugun ƙwaƙwalwa suna jin sautin: biyar sun nuna ƙwaƙwalwar ta bi, takwas sun nuna akasin haka, ɗaya ya tsaya tsaka-tsaki. A shekarar dai, a Folan, aka gwada mutum 1,000 suna amsa tambayoyin gwajin basira a gidajensu, sai aka ga sakamakonsu ya ragu lokacin da suke jin sautin, bai ƙaru ba.

Ba duka labarin ne ya ɓaci ba. Wani nazari na 2019 da ya haɗa bincike 22 ya gano sautin yana ɗan rage fargaba da jin zafi, kuma an sha gwada shi a kan marasa lafiya masu jiran a shiga da su tiyata, aka ga hankalinsu ya ɗan kwanta. Amma a lura da abin da aka auna: fargabar awa ɗaya ko biyu, a jikin mutanen da akasarinsu lafiyar ƙwaƙwalwarsu ƙalau. Nan ne harshenmu yake ruɗa mu. Mai jiran sakamakon jarrabawa yana cikin damuwa, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin damuwa, wanda ya shafe wata huɗu yana jin gara mutuwarsa shi ma "damuwa" muke cewa. Sai mutum ya ji an ce abu yana rage damuwa, ya ɗauka tasa ake nufi. Sautin kunne biyu ba ya cikin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na magance ciwon damuwa, ƙarami ko babba.

Wane ciwo muke magana a kai?

Ba ɓacin ran kwana biyu ba. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa in ya kai aƙalla mako biyu, kusan kullum, kusan duk yini, mutum yana cikin ƙunci ko kuma komai ya fita daga ransa, har abin da a da yake so. Sai sauran alamomin su biyo: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, musamman farkawa tun kafin assalatu a kasa komawa, cin abinci ya lalace, jiki ya mutu, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, yana ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba, tunanin mutuwa ya riƙa kai-komo. Akwai wata takarda mai tambayoyi tara da ma'aikatan lafiya ke amfani da ita, makinta daga sifiri zuwa 27, wanda ya kai 20 ana lissafa nasa a mai tsanani. A wurinmu sau da yawa ba da "ina baƙin ciki" yake zuwa ba. Da "kaina yana zafi", "ƙirjina ya yi nauyi", "wani abu yana yawo a jikina" yake zuwa, a yi ta shan maganin maleriya da taifot ana cewa ya ƙi ji.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun ce kusan mutum miliyan 280 ke fama da shi a duniya, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sama da kashi 75 cikin 100 ba sa samun kowane irin magani. Sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya sa ba zan iya auna hanyoyin nan biyu kamar mai zaɓe tsakanin atamfa da leshi ba.

Masu cewa ciwon Turawa ne, su nemi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934. Sama da shekara dubu da suka wuce ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai ba dalili, ya hana shi walwala da motsi. Na biyun ya ce tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar magani irin na jiki.

Abin da sautin ya fi asibiti da shi

Gaskiya ɗaya ce, yana da abubuwan da ya fi. Ba kuɗin mota, ba kuɗin kati, ba layi. Ƙarfe biyun dare, lokacin da tunani ya fi cin mutum kuma ba likitan da zai gani, shi yana nan. Ba ya sa jiri, ba ya busar da baki. Uwa uba, ba mai sani. A garin da in aka ga ƙafarka a asibitin ƙwaƙwalwa sau ɗaya za a fasa ba ka aure, a fasa auren ƙanwarka ma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙanina ya faɗa mini da bakinsa: "Yaya, wannan ba ya tambayata me ya same ni."

To, a nan kuma tarkon yake. Ciwon damuwa yana da abin da yake so daga mai shi: ka shige ɗaki, ka rufe ƙofa, kada ka ɗaga waya, kada ka gaya wa kowa, ai nauyi kake a kansu. Duk hanyar da ta tabbata tana aiki, ja take yi da wannan umarni. Ita kuwa iyafis biyayya take yi masa. Tana ba mutum damar ya ce yana neman magani alhali yana kwance shi kaɗai a duhu, kunnuwa a toshe, awa uku, awa huɗu. Kwana 40 da ƙanina ya yi yana jiran sautin ya yi aiki, kwana 40 ne da da ƙwayar likita ya fara, da ta riga ta fara nuna kanta. Ba sautin ne ya cuce shi ba, jiran da ya sa shi ne. Ga kuma abin da ke biyo baya in wa'adin kwana bakwai ya wuce ba sauƙi: mai ciwon ba zai ce mai bidiyon ya yi ƙarya ba, cewa zai yi ni ne ba na warkuwa.

Ɓangaren asibiti, da daɗinsa da ɗacinsa

Abu na farko da likita zai yi wanda waya ba za ta taɓa yi ba shi ne tantance ko ciwon damuwar ne ma. Ƙarancin jini yana kawo kasala da mutuwar jiki. Raunin ƙullin maƙogwaro da ke daidaita ƙarfin jiki yana kwaikwayon ciwon damuwa sak, kuma gwajin jini ke gano shi. Akwai kuma masu ciwon da ke juyawa tsakanin ƙunci da zumuɗi, wata biyu suna kwance, sai kuma a wayi gari ba sa barci, suna surutu, suna rabon kuɗi. Irin waɗannan in aka ba su maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura zumuɗin. Shi ya sa zuwa kemis a ce "ba ni irin wanda aka ba wane" ganganci ne.

Ƙwayoyin da aka fi samu a wurarenmu su ne amitiriptilin da fuluwoksetin, dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shaidar da ke bayansu ba ta kusa da ta sauti. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga nazarin da ya haɗa gwaji 522, mutum 116,477, magunguna 21, kuma kowanne a cikinsu ya fi ƙwayar da ba komai a cikinta aiki. Kwatanta wannan da bincike 22 na sautin, waɗanda ma ba kan wannan ciwo aka yi akasarinsu ba.

Amma kada a yi wa kowa romon baka. Ratar da ke tsakanin maganin da ƙwayar wofi matsakaiciya ce, ba sihiri ba ne. Wani babban bincike a Amurka ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warwarewa sarai da maganin farko. Sauran sai an ƙara ko an canza. Kuma yana da jinkiri: mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin haske, wani sai shida. Abin haushin, illolin su ke riga amfanin zuwa. Amitiriptilin yana sa barci da bushewar baki da taurin bayan gida. Fuluwoksetin kan sa tashin zuciya da rashin sukuni a makon farko, wasu kuma ya rage musu sha'awa, abin da magidanta ba sa iya faɗa wa likita sai su daina sha a ɓoye. A faɗa, ana canzawa. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 suna buƙatar a sa musu ido sosai a makonnin farko, domin a wasunsu tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa kafin ya ragu. Shi kuma amitiriptilin in ya wuce ƙa'ida haɗari ne babba, don haka kada a bar kwalinsa a hannun mai ciwo mai tsanani. Wani a gida ya riƙe, ya riƙa ba shi na kullum. In an samu sauƙi ba a yankewa, ana ci gaba aƙalla wata shida, kuma a hankali ake janyewa da sanin likita. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: sun ji garau a wata na biyu, sun ajiye, wata na huɗu ciwo ya dawo.

Ana yawan tsoron cewa maganin zai "kama" mutum kamar ƙwayar maye. Ba ya sa maye, ba ya sa jiki ya riƙa neman ƙari. Abin da ke kama mutum shi ne wanda matasanmu ke gudu gare shi don tsoron asibiti: tiramol, maganin tari mai kodin wanda gwamnatin Najeriya ta hana yi da shigo da shi a 2018, da ƙwayoyin barci. An sayar da kare an sayi biri.

Ga wanda ciwon ya kai ya daina ci da sha, ko ya daina magana, ko yana jin muryoyi, akwai kwanciya a asibiti, akwai kuma maganin lantarki da aka fara a birnin Rum a 1938. Sunansa yana da ban tsoro, amma in an yi shi bisa ƙa'ida, da allurar barci, yana cikin mafi saurin aiki ga irin wannan hali.

Ɗacin asibiti na gaske shi ne isa gare shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen. A Nijar babban asibitin Yamai yana da nasa. Wanda ke ƙauye mai nisa, tafiyar kaɗai jari ce. Sai dai ba dole sai likitan ƙwaƙwalwa ba: tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da likitoci na gama-gari da ma'aikatan jinya su gane wannan ciwo su fara maganinsa, don haka babban asibitin ƙaramar hukuma ma wurin farawa ne. Ga mai jin kunya, wannan ya fi sauƙi, domin ba wanda zai san abin da ya kai ka. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a nemi yardarsa a mutunta shi. Aiwatarwa dai da sauran tafiya.

Magana da mutum

Ga ciwo mai tsanani, abin da ƙa'idojin likitoci suka fi so shi ne a haɗa ƙwaya da zaman tattaunawa da wanda aka horar. Ba nasiha ba ce. Aiki ne mai tsari: a kamo tunanin da ke cewa "ba ni da amfani" a tuhume shi kamar a gaban alƙali, a kuma tsara ƙananan ayyuka na yini, yau wanka da fita ƙofar gida, gobe zuwa masallaci sallar la'asar, ba tare da jiran sai rai ya so ba. Rai daga baya yake biyowa.

Masu wannan horo su ma ƙalilan ne, amma akwai abin da ya faru a Zimbabuwe da ya kamata mu duba. Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, ya ajiye su a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna zama shida da mai damuwa suna taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka yi da mutum 573, wanda aka buga sakamakonsa a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon, a rukunin da bai zauna da su ba kuwa kusan rabi. Masu niyyar kashe kansu ba a bar su a benci ba, likita aka tura su. Duk da haka abin ya nuna nauyin kunnen ɗan Adam in ya san yadda ake sauraro. Mu da muke da dakali da zaure da gwaggo a kowane gida, ba kayan aiki muka rasa ba.

Abin da muka rasa shi ne iya bakinmu. "Ka yi haƙuri" sau ɗaya ta'aziyya ce, sau hamsin kora ce. "Me ka rasa?", "dubi wane da ya fi ka shiga uku", "rashin tawakkali ne": kowace ɗaya ƙarin dutse ce a kan wanda ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi mai laifi ne. Ni kaina na faɗi biyu daga ciki kafin na gane. Annabi Yakubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta har yau. Addu'a da karatu da zuwa wurin malami na ƙwarai, ko fasto ga Kirista, ba sa karo da asibiti, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Inda zan ja layi shi ne duk wanda ya ce a ajiye ƙwayar likita, ko ya kawo maganar ɗauri da duka da sunan fitar da aljani. Daga nan a ɗauke mara lafiya a tafi.

In ma natsuwar kunne ake nema, mai jin daɗin ƙira'ar wani alaramma ko sautin ruwan sama ba shi da dalilin barinsu don gunjin janareta. Ba a nuna cewa sautin kunne biyu ya fi duk abin da ke kwantar wa mutum hankali ba.

To, wanne za a ɗauka?

Ya danganta da inda mutum yake, kuma wuri ɗaya ba shi da zaɓi ko kaɗan. In tunanin kashe kai ya shigo, balle in an fara tunanin yadda za a yi, ko ana rabon kaya ana neman yafiya ba dalili, wannan na yau ne, ba na gobe ba. A gaya wa mutum ɗaya yanzu, a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai. Irin wannan guguwa takan lafa in aka tsallake sa'o'inta. Kuma 'yan'uwa su daina tsoron tambaya kai tsaye, "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar da babu shi, wanda yake da shi kuwa, sau da yawa ajiyar zuciya yake yi.

In ba a kai nan ba amma an wuce mako biyu, aiki ya tsaya, abinci da barci sun lalace, kati ne farko. Haka mai jego da ta kasa jin ɗanta a ranta, tana kuka ba dalili har bayan an yi suna da makonni: ba sharrin kishiya ba ne, ba kuma abin da iyafis zai taɓa ba, kuma akwai magungunan da likita zai iya ba mai shayarwa.

Wurin da sautin ya dace ƙarami ne, amma akwai shi: makonnin nan na jiran ƙwaya ta fara aiki, da daren da barci ya ƙi zuwa, da zaman layin asibiti in ƙirji yana bugawa. Kamar tsumma mai sanyi ne a goshin mai zazzaɓi. Wanda zai yi amfani da shi ya sa masa iyaka, minti 20 zuwa 30, da ƙara ƙasa-ƙasa yadda in an yi masa magana zai ji, domin doguwar ƙara a kunne tana cin ji. Kada a sa shi ana tuƙi ko ana kan inji. Mai farfaɗiya ya tambayi likita tukuna. Wanda ya ji yana ƙara masa ciwon kai ko ƙunci ya cire, ba wani "ciwo ne ke fita" a ciki. Kada a biya ko sisi, domin na kuɗi da na kyauta lissafi ɗaya ne, amo biyu da 'yar rata a tsakani. Sannan a gwada shi da tambaya ɗaya duk mako: tun da na fara, na ƙara fita ko na ƙara shigewa ɗaki?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar da kai ya ɗan yi sauƙi, a rubuta a takarda sunan mutum biyu da za a kira in dare ya yi tsanani, da asibitin da za a nufa, da wanda zai kai mutum, a ba wani a gida kwafi.

Mu da muka je, sai da muka yi sammako muka wuni a layi, ƙanina yana ta cewa mu koma. Da aka kira shi ya kasa cewa komai, sai ni na fara: wata huɗu ba shago, ya rame, yana tashi ƙarfe uku. Likitar ta ce in ɗan ba su wuri. Daga baya ya gaya mini ta yi masa tambayar da mu duka muka kasa yi, kuma ya amsa mata da gaskiya. Aka ɗebi jini, aka rubuta ƙwaya, aka ce ni zan riƙe. A mako na biyu ya ce ba ta yi masa komai sai tashin zuciya, zai daina. Muka koma, aka ce ya riƙa sha bayan ya ci abinci, ya ƙara haƙuri. A mako na biyar, wata safiya, ya leƙa madafa ya tambayi Inna ko akwai sauran yaji, yana son ɗanwake. Inna ta juya baya tana goge ido da bakin zane.

Yanzu wata na bakwai, yana buɗe shago zuwa azahar, wasu ranakun kuma ba ya iyawa. Sautin yana nan a wayarsa, yakan sa shi bayan isha'i na rabin awa, a tsakar gida inda kowa ke zaune. Ranar Talata mai zuwa muke da komawa ganin likita.